Bazarar da Kaka Tumba ta Ɓoye Iri

Bana azumi ya sake faɗowa cikin bazara. Wanda ya daɗe a duniya ya san yadda yake ja da baya sannu a hankali, daga damina ya faɗa zafi, daga zafi ya shiga sanyi, har ya kewayo inda ya baro. Ina zaune a tsakar gidana a Sakkwato ina jiran kiran salla, jikanyata ta zo da wayarta ta ce an ce akwai tauraruwa mai wutsiya, ana ganinta yamma bayan faɗuwar rana. Da muka sha ruwa ta kama hannuna muka hau bene. Fitilun unguwa sun haske sama, hayaƙin janareto ya tokare yamma. Ba mu ga komai ba. Ta yi ta ba ni haƙuri kamar ita ta ɓoye ta. Ni kuwa hankalina ya riga ya bar benen, ya koma wani azumin, shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi.

Ƙauyenmu yana gefen fadamar gulbin Rima, tsakanin Wurno da Goronyo. Yanzu babu kowa a cikinsa, 'yan bindiga sun watsa shi, amma a lokacin gari ne mai liman da mahauci da maƙeri. Daminar da ta wuce ta yi mana gardama. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero yake fitar da kai, abin da muka ɗaure bai kai rabin rumbu ba. Ana gama girbi mahaifina ya bi ayarin 'yan cin rani zuwa Kurmi, don a rage baki ɗaya a gida kuma a samo na haraji. Ya bar ni da Inna mahaifiyata, da ƙannena biyu, da tsohuwarsa, Kaka Tumba. Ina saurayi a lokacin, gemu bai fito ba, amma ni ne babba. Ranar da zai tafi ya tsaya a bakin zaure ya ce mini, "In ruwa ya riga ni, kak ka jira ni. Shuka."

Ban taɓa ganin zafi irin na bazarar nan ba, ko kuwa yunwa ce ta sa na ji haka. Mukan yi sahur da ɗumamen tuwo da miyar kuka marar mai. Ana sallame asuba nakan saɓa kalme in nufi gona, in tumɓuke tushiyoyin bara, in tara, in cinna musu wuta. Wasu ranakun Baba Labbo, aminin mahaifina, yakan ara mini jakinsa in kai taki a mangala. Kafin rana ta take tsaka yashi ya fara cin tafin ƙafa, sai a dawo. Daga nan gari ya mutu. Maza su kwanta a zauruka da jiƙaƙƙen tsumma a ƙirji, kaji su buɗe baki ƙarƙashin rumbu, ko kare ba ya haushi. Rijiyar gari ta koma laka, saboda haka Inna da sauran mata sukan tafi gulbi da la'asar, inda aka haƙa ramuka cikin yashi, su zauna suna jiran ruwa ya tsattsafo su kwalfa da ludayi. Abin shan ruwa kunun tsamiya ne, mai ruwa-ruwa har kana ganin gindin ƙwarya, sai kwaɗon busasshen zogale. Ba wanda yake cewa bai ƙoshi ba. Ƙannena sukan lashe ludayi su ajiye a hankali.

Abu ɗaya ne ba a taɓawa ko da za a kwana da yunwa, shi ne iri. A gidanmu iri aikin Kaka Tumba ne. Yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai haske da duhu da gilmawar mutum, amma hannunta ya san gero. Tun lokacin girbi take shafa zangarniya ɗaya bayan ɗaya, ta ware masu tsawo masu cikar ƙwaya, a ɗaure a rataye can ƙololuwar rumbu. In bazara ta yi nisa a sauko mata da su, ta sussuka da kanta, ta cuɗa da toka saboda ƙwari, ta zuba a tulu ta liƙe baki da laka. A tsakiyar azumin nan ta gama wannan aiki. Tulu biyu ne, na ajiye su da hannuna a gindin rumbu.

Ni da ita akwai wasa, kamar kowane jika da kakarsa. Angona take ce mini.

"Angona, yau ma hannu biyu kad dawo? Mijin da bai san hanyar mahauta ba?"

"Ke da ba ki da haƙori, mi za ki yi da nama?"

"Sai in tsotsa, ɗan banza. Bar ganin gida ya zube, murhu na nan."

A goman ƙarshe tauraruwar ta fito. Yara ne suka fara ganinta. Mun fito daga sallar magariba sai muka ji suna ihu a bayan gari, muka ɗauka gobara ce. Tana can ƙasa-ƙasa, arewa maso yamma, bisa fadama, tsakanin giginyu biyu. Kanta kamar tauraro da aka lulluɓe da auduga, wutsiyar kuma ta miƙe sama, fara, tana faɗi tana dushewa, kamar an share sama da tsintsiya sau ɗaya an bari. Ba ta motsi, ba ta ƙyaftawa. Abin da ya fi tayar da tsikar jiki ke nan, shirun da ta yi. Kafin a kira isha'i ta nutse bayan itatuwa.

Liman ya ce aya ce daga ayoyin Allah, a yawaita istigfari, a yi sadaka. Mata suka daka gumba da ɗan abin da ya rage aka raba wa yara. Amma a bakin masallaci kowa da fassararsa. Wani ya ce babban mutum zai faɗi. Wani ya ce mulkin Nasara ne ya zo ƙarshe. Baba Labbo ya ce, "In dai su na, Allah shi raka taki gona, su haɗa da harajinsu." Aka yi dariya, gajeriya. Ba wanda ya ambaci fari, ko da yake shi ne a bakin kowa.

Da na shiga gida na tarar da Kaka tsaye a tsakar gida, ta dafa sanda, abin da ba ta saba yi ba bayan duhu.

"Mi yara ka ma ihu?"

Na faɗa mata. Na zaci za ta yi mini ba'a. Sai ta ce, "Kai ni in gani."

Na ce ta riga ta faɗi. Ta juya ta shiga ɗaki, kununta yana nan a ƙwarya ba ta taɓa ba.

Washegari na dawo daga gona, Inna ta yi sammakon zuwa gulbi da yara, na leƙa gindin rumbu na ga wayam. Tuluna biyu babu. Sawun gindinsu kawai a ƙasa. Na zagaya gida, na duba bayan danga, ina neman sawu, don ɓarawon iri a irin wannan shekara ya kashe gida. Kaka tana zaune a inuwar ɗakinta tana jan tasbaha, na lura da ƙasa a ƙarƙashin farcenta.

"Bar wahal da kanka, angona. Ni niɗ ɗauke."

"Kin kai ina?"

"Inda na sani."

Na yi dariya, na ce to amarya ta fara ɓoye wa miji kaya, a fito da su kafin in yi fushi. Ba ta taya ni ba. Ta ce in zauna.

A nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba, mahaifina ma daga baya ya ce gutsattsarinsa kawai ya sani. Tana yarinya, a wani ƙauye gaba da Goronyo, mai wutsiya ta fito, babba, ta raba sama biyu. Bayanta aka yi ruwan fari mai kyau, ubanta ya fita ya shuka irinsa duka, bai rage ko tafi ɗaya ba. Gero ya tsiro ya yi kunne. Sai sama ta rufe bakinta. Shuka ta ƙone a tsaye. Da ruwa ya dawo daga baya, babu abin da za a sa a ƙasa, duk garin haka. Suka ci dusa, suka ci ganye, suka tona gidan tururuwa. Daga ƙarshe suka kama hanyar kudu da ƙafa. Ita aka goya wa ƙanwarta, Ige.

"Tana ta kuka, tana ta kuka, har na gaji na ranƙwashe ta. Can sai tay yi shiru. Nic ce madalla, ta yi kwana. Ina tahiya ina yi mata waƙa. Sai da munka sauka gindin wata tsamiya, innarmu ta zo ta kwance ta." Ta shafa bayanta da hannu, daidai ƙugu. "Ban san tun ina nika ɗauke da gawa ba."

Na girma na bincika, na gane cewa tsakanin waccan tauraruwa da waccan yunwa akwai 'yan shekaru. A wurin Kaka babu ko kwana. Rana ɗaya ce, kuma ba ta faɗi ba.

"In ita ta tad dawo," in ji ta, "ruwan hwarko ƙarya na. Ba ni ba ka iri ka kai ma rana. In kau ba ita ba ta, ka ɗauki abinka."

"To ya za a yi ki sani?"

"In gan ta. Na san ta. Ko cikin dubu na san ta."

"Kaka, ke da ba ki ganin tahin hannunki?"

"Shi ya sa niy yi miji mai ƙahwa. Kai ni inda za ni gani."

Wanda bai yi noma a ƙasarmu ba zai ce ai sai a jira ruwa na biyu. Damina a wurinmu gajera ce. Geron da ya bi ruwan fari shi ke nuna da wuri, a samu tumu a gasa wa yara lokacin da rumbu ya koma fanko. Wanda ya makara, yunwarsa ta ƙara tsawo, kuma in ruwa ya ɗauke da wuri kamar bara, ya tashi da kara. Na duba cikin rumbunmu a ranar. Ina iya ganin daɓensa.

Inna ba za ta iya yi wa surukarta gardama ba. Da ta ji, ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Gwaggo, a duba yaran ga." Kaka ta ce, "Su nika dubawa." Maganar ta ƙare a nan. Inna ta same ni a bayan rumbu. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, ba ta ma cika duban idona ba. Ta ce wa rumbun, "Wanda ad da bakin wasa da ita, shi san yadda zai yi."

Haka muka shiga neman tauraruwa. Lokacinta kaɗan ne, tsakanin magariba da isha'i, daidai lokacin da mai azumi ba ya son komai sai ya zauna. Nakan kurɓi kunu a tsaye, in yi salla, in kamo hannun Kaka mu fita bayan gida. Tafiyarta a hankali take. Sau da yawa kafin mu kai inda danga ba ta tare ba, abar ta kusa taɓa itatuwa. In tsaya a bayanta in kama kanta da hannu biyu in saita, in miƙa hannuna ta gefen kunnenta.

"Bi hannuna. Can."

Ta buɗe idanun nan farare har hawaye ya zubo.

"Hayaƙi nika gani."

Wani lokacin gaskiyarta ne. Kowa yana ƙona gona, kowane gida an hura murhu, hayaƙi yakan kwanta bisa fadama kamar an shimfiɗa zane. Amma ko ranar da sama ta yi tas, amsar ɗaya ce.

Baba Labbo ya shigo cikin maganar, don shi na fara kai wa kuka. Ya ce a gwada ƙwarya da ruwa, yadda ake kallon wata in ya yi husufi, wai ido ya fi kama abu a ƙasa. Muka ɗebi ruwan da Inna ta wuni tana kwalfa, muka kai bayan gari. Tauraruwar ta yi ƙasa da yawa, ba ta shiga ƙwaryar ba sai an karkata, in an karkata ruwa ya zube. Ran kasuwar Rabah ya je ya dawo da tabarau, aro daga wani tela, an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Muka maƙala mata. Ta juya ta dube mu.

"Labbo, kai na?"

"Ni na, Gwaggo! Kin gani?"

"Da hayaƙi guda nika gani, yanzu ya zama biyu. Mai da ma mutane abinsu."

Sai muka koma ba ta labari. Nan ma ba a dace ba, domin kowa da yadda yake gani. Baba Labbo ya ce ƙarama ce, ba ta kai zangarniya ba. Matar liman ta ce ta kai gora. Wata magariba kuma abar ta fito da wani siririn tsinke a gabanta, yana nuna ƙasa, kishiyar wutsiyar, kamar mashi. Na gan shi da idona, bayan 'yan kwanaki ya ɓace. Na yi murna na gaya wa Kaka, na ce taki tana da mashi? Ta ce a'a. Na ce to shi ke nan, ba ita ba ce.

"Jiya ba ka ce da mashi ba."

"Jiya babu."

"Gobe kuma sai ka ce ta yi ƙaho. Angona, kowa na yi ma tsoho ƙaryar alheri. Ban ga laihinku ba. Amma ba ni ba da iri bisa ƙaryar alheri."

Aka ga wata, aka yi salla. Ba a yanka komai a gidanmu ba, Inna ta yi tuwon shinkafar fadama da wata 'yar'uwarta ta aiko, muka ci sau ɗaya. Mahaifina bai dawo ba. Tauraruwar ta fara hawa sama tana karkata arewa, ta daina saurin faɗuwa, na ce yanzu za mu samu lokaci. Ashe tana hawa tana ƙanƙancewa. Wata kuma yana girma kowace magariba, farinsa yana cinye wutsiyar. Mutane suka daina fita kallonta. Yara suka koma wasansu. Mu kaɗai muka rage, ni da tsohuwa, muna fita bayan gari kamar masu neman ɓatacciyar akuya.

Na tona duk inda zuciyata ta ba ni, gindin danga, bayan murhu, ƙarƙashin turmi. Tana jin ƙarar kalme tana cewa, "Sannu da aiki, angona. In ka gama ka share." Na nemi aro. Baba Labbo ya buɗe mini tulunsa na gani, ko gonarsa ba zai rufe ba. Duk garin haka ne. Wanda ya ba ka iri a shekarar nan ya ba ka abincin 'ya'yansa.

Gabas ta fara haɗa gira. Da la'asar gajimare ya taru, da magariba a yi ta walƙiya can nesa babu ƙara, iska mai ɗumi ta taso ta kwanta. Zufa ba ta bushewa. Wasu suka yi binne, suka sa iri cikin busasshiyar ƙasa suna jiran Allah. Ni ina zaune da sungumi na gyara masa ƙota.

Ruwan ya zo wata la'asar. Iska ta fara, ta kwashe tabarmi da faifai, sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya, sannan ya sauko. Ƙannena suka fita tsirara suna tsalle. Ƙamshin ƙasa ya cika gida, irin wanda ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Ya yi ta zuba har bayan isha'i. Na fita da safe na tura hannu cikin ƙasa, laima ta wuce tsawon hannuna zuwa gwiwa.

Duk garin ya fita. Daga ƙofar gidanmu kana jin saran sungumi ta kowace fuska, maza a gaba suna sara, yara da tsofaffin mata a baya suna jefa iri suna take wa da diddige. Har waƙa ake yi. Gonarmu tana nan a share, da takinta, ba kowa a ciki sai hankaki.

Na koma gida na tsaya a ƙofar ɗakinta. Ban yi wasa ba. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan, na ce za ta kashe mu saboda wadda ta mutu tun kafin a haifi ubana. Inna ta saki muciya ta shige ɗaki. Kaka ta ɗago kai.

"Ruwa ya wanke bisa?"

Na ce ya wanke sama tas.

"To kai ni tudu. Can babu hayaƙi."

Akwai wani tudun marmara arewa da gari, inda ake hawa duban wata. Da rana ta yi sanyi Baba Labbo ya baro shukarsa ya kawo jaki. Muka ɗora ta, ni ina riƙe da ita, shi yana ja. Ba ta da nauyi, kamar damin kara. Muka yi magariba a kan tudun. Fadama tana ƙasa, ruwa ya kwanta a wurare yana ɗaukar jan sama, kwaɗi sun fara. Wata ba zai fito ba sai can anjima. Ban taɓa ganin sama mai tsabta irin ta ran nan ba, taurari suka yi ta fitowa har ba wurin sa yatsa.

Muka nemi mai wutsiya muka rasa. Na san inda na bar ta, na bi da ido, babu. Sai da na kawar da kai kaɗan na ga wani ɗan dusu-dusu a gefen idona, kamar an taɓa baƙin zane da yatsa mai gari. In na dube shi sosai ya ɓace. Abin da ya rage ke nan. Baba Labbo ya matso ya raɗa mini, "Nuna mata kowace. Wa zai sani?"

Na kama kanta kamar kullum na saita arewa. Ta sa hannu ta cire hannuwana. Ta juya da kanta a hankali, sanda tana laluben dutse, har ta ba wa inda nake nunawa kafaɗa, ta fuskanci gabas, wajen Goronyo, ƙasa-ƙasa inda babu komai sai duhu.

"Ga ta can," in ji ta.

Muka duba. Babu ko tauraro mai haske a wurin.

"Gwaggo," in ji Baba Labbo, "ba nan..."

"Ita ta. Ko tsuhwa ba ta yi ba." Muryarta ta sauya, ta yi siririya, ba ta tsohuwa ba. Ta ɗan karkata kafaɗa, ta kai hannu baya ta bubbuga, yadda ake yi wa goyo. "Ige. Tashi ki gani. Ige."

Baba Labbo ya fara salati ƙasa-ƙasa. Na tsaya ina kallon bayanta, da zanen da ta ɗaura, da hannun nan yana bubbuga wurin da babu kowa. Kwaɗi suna ta yi. Na san iri ya tafi, tun da ta ce ita ce.

Can ta sauke hannun. Ta yi ajiyar zuciya, ta dawo da muryarta.

"Angona."

"Na'am."

"Ita ta, ba shakka. Amma na ji cikin yaran ga na kuka da dare, kuma kai ba ka da haƙuri, awa kakanka. Tona ƙarƙashin turken akuya. Tulu guda na nan. Shi za ka shuka."

"Gudan fa?"

"Gudan na ranar da ruwa yay yaudare ku na. Ran nan ka zo ka tambaye ni."

Da asuba muka fita, ni da sungumi, Inna da yara a baya. Laima ta fara ja, amma ta karɓa. Tulu ɗaya ya rufe rabin gona, muka tsaya a inda ya ƙare. Na sake roƙonta da na dawo, ta ce ruwa bai gama magana ba.

Ruwa bai yaudare mu ba. Bayan 'yan kwanaki ya sake zuwa, ya kuma sake. Mahaifina ya dawo ana noman fari, ya rame, da gishiri da turmin atamfa. Ya je ya ga gona, rabi kore, rabi ciyawa. Ya shiga ya gaishe da tsohuwarsa, ya tambaye ta sau ɗaya, a durƙushe. Ta ce, "Waccan shekara ma haka yaf fara." Bai ƙara ba. Muka sa wake a wani sashen, sauran ya tafi a banza. Daminar ta yi kyau, maƙwabta suka cika rumbuna, mu muka ɗaure rabi. Yaran sun ci tumu da wuri, ba wanda ya mutu. Amma da kaka mahaifina ya sake ɗaukar sandarsa ya bi hanyar Kurmi, wannan karon da ni.

Muna can Kaka Tumba ta rasu, cikin sanyi. Inna ta ce kwanakinta na ƙarshe ba ta san kowa ba, Ige kawai take kira. Ta tambaye ta tulun, ta ce, "Ba yau ba."

Da muka dawo muka tona gidan kusan duka, ba mu samu ba, muka haƙura. Ɗakinta yana nan a rufe. Iskar farkon damina ta ɗauke jinkarsa ta jefa bayan danga, aiki ya yi yawa ba a mayar ba, ruwa ya yi ta zuba a ciki. Wata safiya ƙanwata ta bi kaza ta tura ƙofar, sai ta ƙwala kira.

Daɓen ɗakin ya tsage. Gero ya tsiro a wuri ɗaya, a kewaye, faɗin faifai, cunkus kamar gashi, kore shar, daidai inda tabarmarta take. Nan ne kaɗai ba mu tona ba, ko tana raye ko bayan ranta. Wa zai ɗaga shimfiɗar tsohuwa ya sa kalme? A kan tulun take kwana.

Inna ta rufe baki da gefen zane. Mahaifina ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa. Na ce ko in cire in yi dashe a gona, tun da ƙasa da laima.

"Bar shi," in ji shi. "Ba namu ba na."

Ya ja ƙofar ya ɗaure saboda awaki. Geron ya tashi har ya leƙo saman katanga, amma ya yi yawa a wuri ɗaya, bai fitar da kai ba. Haka ya tsaya har ya bushe. Da magariba in iska ta taso, muna tsakar gida muna cin tuwo, sai a ji yana motsi a cikin kangon, kamar mutum yana gyara kwanciya. Ba wanda yake ɗaga kai.